Kundin Aiki: Kwance Zubin Fim ɗin Terminator 2 Fitowa-Fitowa

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Ajin rubutun fim na ranar Asabar ya dawo daga hutu, kuma mun tsayar da aikin wannan zangon. Fim ɗaya za mu ɗauka mu kwance shi, kowace fitowa a kati guda, mu manna katunan a bango, daga ƙarshe in tattara abin da ya fito ya zama ɗan littafin koyarwa da Hausa. Abu biyu muke bi: yadda aka ƙulla zaren labarin, da guraben da taurari ke cikewa, wato wane ne jarumi, wane ne bos, wa ke horarwa, wa ke kawo labarin masifa.

Terminator 2 muka zaɓa, na James Cameron, wanda ya fito a Amurka ranar 3 ga Yuli, 1991. Shi da William Wisher suka rubuta labarin. Ba sai na tsaya gabatar da Arnold Schwarzenegger ba, duk wanda ya taɓa zama a bencin gidan kallo ya san Kwamando. Amma babban dalilin shi ne fim ɗin ya ɗauki ƙashin bayan na farko, na 1984, ya sake gina labari a kai: an turo mai kisa daga zamani mai zuwa, an turo mai kariya, a yi ta gudu, a ƙare a masana'anta. Tunda ginin ɗaya ne, duk abin da aka sauya yana fitowa fili.

Na farkon dala miliyan 6 da ɗoriya ya ci. Na biyun ya lashe kusan miliyan 100, abin da ba a taɓa kashe wa fim ba a lokacin, ya kuma dawo da sama da miliyan 500. Ya ci kyautar Oscar huɗu, duk a ɓangaren sauti da kwalliya da dabarun hoto. Rubutun ko takara bai shiga ba, alhali shi muka zo dubawa.

Na silima za mu bi, mai minti 137. Akwai dogon da aka fitar a 1993, sai daga baya.

Dokar kati: layi uku kacal. Wa ke neman wani abu a wannan fitowar, me ya tare shi, me ya canza kafin a fita. Sunan wanda ke farautar wani a rubuta shi da jan biro, na wanda ke kare wani da shuɗi.

Laraba, 8 ga Janairu

Na gama katunan rabin awar farko. Gaba ɗayanta tarko ce da aka ɗana wa wanda ya kalli fim na farko.

Muryar Sarah Connor ce ta buɗe: ranar 29 ga Agusta, 1997, mutum biliyan uku sun halaka a yaƙin nukiliya, waɗanda suka tsira suna yaƙi da na'urori a 2029. An turo biyu zuwa baya, ɗaya ya kashe ɗanta John, ɗaya ya kare shi. Ba ta ce ga wane ba. Sai Kwamando ya sauka tsirara, ya shiga mashayar 'yan babur, ya karya hannu, ya wurga mutum kan murhu mai zafi, ya fita da kaya da takalmi da babur. Mai kallo ya san wannan fuskar, ta na'urar kisa ce mai siffar mutum da ta bi Sarah da bindiga a 1984. Na biyun kuma, Robert Patrick, siriri ne mai girman mutane, kamar dai Kyle Reese da ya zo kariya a wancan fim. Ya sa kakin ɗan sanda, ya ƙwanƙwasa ƙofar masu riƙon John, ya yi gaisuwa da ladabi, ya roƙi a ara masa hoton yaron. Duk alamu sun nuna hagu, gaskiya tana dama.

Da na koma kan katin mashayar na lura ba wanda aka nuna ya mutu a ciki. An ji ciwo, an sha wuya, amma ba gawa. Marubutan suna tanadin halin da za su buƙata nan gaba ba tare da sun fallasa kansu ba.

Tarkon yana tashi a wani siririn lungu a bayan rukunin shaguna. John a tsakiya, ɗan sanda ta nan, Kwamando ta can da kwalin furanni. Kwalin ya buɗe, furannin suka zube ya taka su, bindiga ta fito, ya ce wa yaron ya duƙa. Agogo na nuna kusan minti talatin. Syd Field, a littafinsa na 1979 kan rubutun fim, ya ce kashi na farko ya ci kusan rubu'in labari ya ƙare da abin da zai juya akalarsa. Nan lissafin ya zauna daidai.

Sai dai tallan fim ɗin ya tona asirin tun kafin ya fita, an sanar wa duniya cewa Kwamando na kirki ne a wannan karon. Ni ma ina ganin Cameron da kansa ya ɗan sassauta igiyar: kiɗan da aka saka lokacin da ya fito daga mashaya, da yadda ya zare tabarau daga aljihun mai wurin, raha ce. Ba a yi wa dodo irin wannan shigar.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau aka yi gardamar da nake jira. Na zana tebur a allo da guraben da Christopher Vogler ya jera: jarumi, mai horarwa, mai tsaron ƙofa, mai shela, mai rikiɗa, inuwa wato abokin gaba, aboki, da ɗan dabara irin su Gizo. Vogler ya tsamo su ne daga littafin Joseph Campbell na 1949. Yana aiki a Disney ya taƙaita shi a takarda mai shafi bakwai, daga baya ya mai da ita littafi a 1992, shekara guda bayan fitowar wannan fim.

Mai rikiɗa ba a ɓata lokaci ba, T-1000, wato mai kakin ɗan sandan nan, narkakken ƙarfe ne da ke zama duk wanda ya taɓa. Mai tsaron ƙofa kuma Dakta Silberman na Pescadero, asibitin masu taɓin hankali inda aka kulle Sarah. A gurbin jarumi aka tsaya cak.

Wani matashi mai gyaran waya ya ce, "Malam, ai wannan ba abin tambaya ba ne. Hoton wa ke jikin fosta?"

Wata marubuciya da ta girme su, wadda ke sakin littattafanta a waya, ta ce, "Ƙanena, fosta ta 'yan kasuwa ce. Muryar wa ta buɗe fim, muryar wa ta rufe?"

"Haba Anti, wadda ta kusa cinye awa guda a kulle?"

Wani daga baya ya ce duk su biyun John suke yi wa hidima, saboda shi aka turo kowa. Ban raba gardamar ba. Na dai karanta musu abin da Vladimir Propp ya lura da shi tun 1928 da ya zauna kan tatsuniyoyin Rasha: ya samu ayyuka 31 da gurabe bakwai, ya kuma ce tauraro ɗaya na iya riƙe gurbi fiye da ɗaya, gurbi ɗaya kuma na iya rabuwa tsakanin taurari da dama. Gurbi kamar kujerar direba ce a motar dogon zango: kujerar tana nan, amma wanda ya tayar da mota daga tasha ba lallai shi ne zai shiga da ita gari ba. Mun bar layin jarumi babu suna, katuna su yi alƙalanci.

Litinin, 13 ga Janairu

Kati na musamman don dokokin bos. Fim ɗin ya faɗe su da wuri ta bakin na'urar da ke kare John, wato Kwamando: T-1000 sai abin da ya taɓa yake kwaikwaya, sai mai girman jikinsa, ba ya zama bindiga ko bam saboda suna da sinadarai da sassa masu motsi, amma yana zama wuƙa da tsinke. Da babu waɗannan iyakoki da mai kallo ya ce to me ya hana shi zama bam ya huta.

Abin da zai yi wa ɗalibai daɗi: hoton kwamfuta a fim ɗin duka bai fi kusan minti biyar ba. Inda ake ganin mai gadin asibiti ya fuskanci kansa, tagwaye ne na gaske, Don da Dan Stanton. Linda Hamilton ma tana da 'yar'uwar tagwaitaka, Leslie, ita ta tsaya inda ake son Sarah biyu.

Asabar, 18 ga Janairu

Katunan daga magudanar ruwa zuwa tserewa daga asibiti.

Tseren magudanar ruwa, inda babbar mota ta faɗo daga gada ta bi yaro a ƙaramin babur, kowa ya haddace shi, kati ɗaya ya ishe shi. Abin da ya biyo baya ne ya ci mana lokaci.

Teburin allo ya ce mai horarwa dattijo ne da ke ba jarumi ilimi da makami. A farko na'urar ta yi wannan aikin: ta gaya wa John wa ya turo ta (shi da kansa ne, yana babba), ta bayyana masa abokin gaba, ta gwada masa a wayar kan titi cewa masu riƙonsa sun mutu. Wannan fitowar ta wayar gwanin kyau ce. Ta kwaikwayi muryar John, ta kira karen gidan da sunan ƙarya, matar da ke ɗaya ɓangaren ta amsa cewa karen lafiya lau yake, ashe T-1000 ne da muryar mai riƙon John. Magana ta ƙare.

Minti kaɗan bayan haka kujerar ta sauya hannu. John ya gano dole na'urar ta bi umarninsa, ya sa ta tsaya da ƙafa ɗaya, ya tsokani wasu ƙarti biyu da suka zo taimakonsa, saura ƙiris ta harbe ɗaya a ka. Daga nan yaron ɗan shekara goma ya zama malami. Ya hana ta kisa, ya sa ta ɗaga hannu ta rantse. A ƙofar asibiti ta harbi mai gadi a ƙafafu ta ce zai rayu. Dariya ce, amma doka ce da za ta ɗaure hannun labarin har ƙarshe: an ɗauki ɗan wasan da aka sani da zubar da gawarwaki an hana shi kashe ko mutum ɗaya. Kuma shawarar zuwa ceto Sarah ta John ce. Na'urar cewa ta yi a gudu, uwar ta riga ta zama tarko.

Sarah kuwa ba zaman jiran ceto take ba. Ta saci ɗan ƙarfen maƙale takarda ta buɗe ɗaurinta, ta fasa wa ma'aikaci fuska da sandar mofa, ta karya hannun Silberman, ta ɗora masa sirinji cike da ruwan wanke bututu a wuya ta bi ƙofofi da shi. Ta kusa fita da ƙarfinta. Abin da ya kayar da ita ƙofar lif ce da ta buɗe, fuskar 1984 ta fito. Matar da ta gagari ƙarti ta zube ƙasa tana ja da baya da gindi, ta gwammace ta koma hannun masu ɗaure ta. Sai na'urar ta miƙa mata hannu da kalmomin da Kyle Reese ya fara faɗa mata.

Katin da na fi so a makon nan na cikin mota ne bayan sun tsira. Sarah ta jawo John, yaron ya ɗauka runguma ce, ashe lalube take ko an ji masa rauni. Ta gama ta hau shi da faɗa don me ya jefa kansa a haɗari saboda ita. Ya juya yana hawaye, na'urar ta tambaye shi me ya sami idonsa. Anti ta kalli katin ta ce, "Malam, a motar nan na rasa wace ce na'urar." Na ce ta rubuta haka a bayan katin.

Lahadi, 26 ga Janairu

Jiya bango ya nuna mana abin da baki ya kasa. Idan ka tsaya daga nesa ka bi jan biro, sunan T-1000 ne tun daga farko har asibiti. Bayan ya karɓe babur ɗin wani ɗan sanda sai ya ɓace, dogon zango babu shi. Fim ɗin faɗa da bos ɗinsa ya tafi hutu a tsakiya ya kamata ya yi sanyi. Bai yi ba, domin jan biron bai tsaya ba. Suna kawai ya canza, ya koma Sarah.

Ga yadda aka shirya shi. A hanya na'urar ta ba ta tarihin abin da zai faru: wani injiniya mai suna Miles Dyson a kamfanin Cyberdyne zai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfutar da za ta haifi Skynet, uwar na'urorin yaƙin, a miƙa wa Skynet makaman Amurka, ta farka da hankalin kanta da ƙarfe 2:14 na dare ranar 29 ga Agusta, a yi yunƙurin kashe ta, ta harba wa Rasha makamai don Rasha ta rama. Sun isa sansanin Enrique, tsohon abokin Sarah, a hamada inda Sarah ta binne makamai, shirinsu su tsallaka iyaka su ɓuya. Tana zaune tana kallon John yana koya wa na'urar tafa hannu. Muryarta ta shigo tana cewa wannan ba zai doke shi ba, ba zai bugu ba, ba zai tafi ya bar shi ba. A ganina wannan muryar ta yi yawa, hoton ya riga ya faɗi komai. Sai barci ya ɗauke ta, ta yi mafarkin filin wasan yara, wuta ta cinye shi tana riƙe da waya tana ihu. Ta farka, ta kalli abin da ta sassaƙa da wuƙa a tebur game da ƙaddara, ta ɗauki bindiga ta tafi ba sallama.

Yanzu a duba abin da take shirin yi. Za ta kashe mutumin da bai yi laifin komai ba tukuna, saboda abin da zai haifar nan gaba. Wannan shi ne ainihin aikin da aka turo na'ura ta yi mata a 1984. Har shigarta an daidaita: baƙaƙen kaya, tabarau a hamada, fuska ba motsi, jan ɗigon haske a ƙeyar mutum kamar wanda aka ɗora mata a goshi a fim na farko. Abin da ya ceci Dyson motar wasan ɗansa ce da ta bugi ƙafarsa, ya sunkuya, harsashi ya fasa kwamfuta. Ta zazzage harsasai, ta shiga gidan da ƙaramar bindiga, ta harbe shi a kafaɗa. Ɗansa Danny ya kwanta a kansa yana roƙo, matarsa Tarissa na kuka. Yatsanta na kan kunamar bindiga, ta kasa.

A ɗaya ɓangaren, na'urar ce ke gaya wa John cewa kashe Dyson zai iya hana yaƙin, yaron ne ya ce a'a. A wannan daren mutum ta hau kujerar na'ura, na'ura tana lissafi, yaro ne ke riƙe da dokar.

Nan ne ƙugun fim ɗin. Kafin gidan Dyson gudu suke, bayansa su ke kai hari. A nan ne kuma Sarah ta rungumi ɗanta runguma ta gaske ta ce tana sonsa, bashin cikin mota ya biyu. Ko a wannan ruɗanin ba a manta da ƙananan abubuwa ba: kafin na'urar ta yanke fatar hannunta ta zare ta don Dyson ya ga ƙarfen, John ya ja Danny ya ce zo ka nuna min ɗakinka.

Mai gyaran waya ya daɗe a gaban bangon, ya ce, "To Malam, Anti ta ci ke nan?" Na ce tukuna. Sarah ce ta yanke shawarar da ta juya labarin, amma shawarar kisa ce, kuma ba ita ta mai da ita shawarar rusa kamfani ba sai da Dyson ya shigo. Shi kansa Dyson ya ƙi zama a teburinmu. Ba mahaukacin masanin kimiyya ba ne irin na fina-finai, magidanci ne mai son aikinsa, kuma ya san hannun ƙarfe da 'yar ƙwaƙwalwar da ke ajiye a ma'ajiyar kamfanin, ragowar na'urar 1984, ba a gaya masa daga ina suka fito ba, an ce kar ya tambaya, bai tambaya ba. Laifinsa ke nan.

Alhamis, 30 ga Janairu

Na kalli dogon na 1993, mai ƙarin sama da minti goma sha biyar. Biyu daga cikin ƙarin sun shafi aikinmu.

Na farko a garejin da suka kwana. An buɗe kan na'urar an ciro ƙwaƙwalwarta don a kunna mata damar koyo, Sarah ta ɗaga guduma za ta farfasa ta, John ya tare, ya ce in har zai zama shugaba wata rana to uwarsa ta fara sauraronsa. Wannan ya ƙarfafa John sosai, kuma ya sa koyon na'urar ya zama abin da mutane suka zaɓa suka ba ta. A na silima cewa kawai ta yi tana koyo idan tana cuɗanya da mutane. Da ni ne mai yanka, da na bar wannan. Na biyu mafarkin da Kyle Reese ya zo wa Sarah a asibiti, wanda cire shi bai rage komai ba.

Katunan ƙarin za su hau bango da launi daban.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Makon jiya ba a yi aji ba, an yi rasuwa a gidan ɗaya daga cikin ɗalibai, mun je gaisuwa. Allah ya jiƙan musulmi. Yau muka haɗa kashi na uku duka.

Daga Cyberdyne zuwa ƙarshe kusan numfashi ɗaya ne: kamfani, jirgi mai saukar ungulu yana bin motar 'yan sanda har ƙarƙashin gada, tankar sinadarin daskarewa, masana'antar narka ƙarfe. Na ba su aikin jan zare daga kowane kati zuwa inda aka shuka shi. 'Yar kwamfutar da John ya saci dala 300 da ita a na'urar cirar kuɗi a farkon fim, ita ta buɗe akwatin makulli a Cyberdyne. Makullin mota da ya nuna wa na'urar a bayan marfin kare rana, ta tuna da shi. Rantsuwar hana kisa ta biya da ta tsaya a taga da babbar bindiga ta ragargaza motocin 'yan sanda, allon idonta ya nuna asarar rai sifili. Ɗaga babban yatsa da tambayar hawaye duk suna jiran minti na ƙarshe. Zaren ya cika bango har wani ya ce kamar ofishin masu bincike.

Dyson ya mutu a nan, kuma mutuwarsa ce ta fi taɓa ajin. An harbe shi, yana zaune yana numfashi sama-sama, ya riƙe guntun abin da ya ƙera a saman maɓallin bam, ya gaya wa 'yan sandan bai san iya lokacin da zai iya riƙewa ba don su gudu. Mutumin da Sarah ta je kashewa shi ya fara ba da ransa, kuma da aikin hannunsa ya tafi. Abin da na'urar za ta yi a ƙarshe maimaicin wannan ne.

Akwai inda ɗinkin ya saki, kuma ɗalibai ba su yi masa kara ba. A masana'anta T-1000 ya soke Sarah a kafaɗa yana tilasta mata ta kira John, alhali mun ga yana kwaikwayon murya tun a waya. Dogon fim ɗin ya nuna jikinsa ya fara tangarɗa bayan ya daskare ya tarwatse, ƙafarsa na kama launin abin da ya taka, amma a na silima an cire, tambayar ta zauna ba amsa. Mai gyaran waya kuma ya kamo wata: an jefa tsohon hannu da ƙwaƙwalwa a narkakken ƙarfe don kada a bar komai, to hannun na'urar da ya maƙale a injin ya guntule fa, wa ya ɗauke shi? Ni nawa ƙorafin John ne. Yaron da ya riƙe ragamar tsakiyar fim ya koma kaya a masana'anta, a ɓoye shi, a tura shi, ya gudu.

Sai a fitowar ƙarshe aka dawo da shi, ta hanya mai ciwo. Na'urar ta nuna kanta ta ce saura ƙwaƙwalwa ɗaya. John ya ba ta umarnin kada ta tafi, ta ƙi bi. Ba ta iya halaka kanta, don haka Sarah, wadda ta fi kowa tsanarta, ta miƙa mata hannu suka gaisa, sannan ta danna maɓallin da ya saukar da ita.

Mun koma layin jarumi a allo muka rubuta sunaye uku, kowanne da abin da ya riƙe. Dokar labarin ta John ce. Faɗuwa da tashi na Sarah ne. Sadaukarwar ƙarshe ta na'ura ce. Anti ta ce ba ta yarda da raba-daidai ba, a rubuta a littafin cewa ta ƙi. Za a rubuta.

Talata, 18 ga Fabrairu

Na fara rubuta babi na biyu, na gidan Dyson, kafin na farko, tunda shi ne ya fi nauyi. Hotunan bangon da aka ɗauka da waya ba su fito da jan biro sosai ba, sai an sake da rana.

An ɗauki wani ƙarshe daban da aka cire kafin fim ya fita: Sarah ta tsufa tana zaune a filin wasa, ba a yi yaƙi ba, John ya zama sanata yana wasa da 'yarsa. Aka maye gurbinsa da titi cikin dare da muryarta. Zan nuna musu duka biyun ranar Asabar ba tare da na faɗi ra'ayina ba, kowa ya rubuta shafi ɗaya kan wanne ya dace da abin da aka gina.

Aikin gida na makon jiya ya fara shigowa: labari na shafi biyu wanda gurbi ɗaya zai sauya hannu a tsakiyarsa. Yawancinsu sun sa amini ya ci amana, wanda ba shi ake nema ba, wannan ɓoye fuska ne kawai. Wanda aka nema shi ne mutum ya hau kujerar da ya tsana saboda dalilin da mai kallo zai fahimta. Ɗaya ce ta kamo: garin da na'ura ke rabon ruwa, matar da ta jagoranci fasa ta, ta wayi gari ita ke yanke wa unguwanni ruwa. Da nata za mu fara.

Abin da ya rage kafin azumi: katunan fim na 1984 don a jera su ƙarƙashin waɗannan, babi na farko da na uku, da neman wanda zai zana taswirar bangon a shafi ɗaya. Idan azumi ya kama, ajin zai koma ƙarfe goma na safe.